Takun Gidan Jaji

Wanda ya fara auna tafiyar ɗan Adam da na'ura a garinmu, Tsamiyar Jaji ta ƙasar Kunci, shi ne Malam Abdulbasit, likitan gashin ƙashi daga wani asibiti na birnin Kano, a bazarar shekarar da aka sauya takardun naira. Wanda aka fara aunawa kuwa shi ne Fatihu ɗan Alhaji, jikan Jaji, kuma babban gandun gidansu, wato babban ɗan da ke riƙe da gonar gida. Kafin wannan rana, abin da muka gada game da karaya shi ne maɗori ya ɗaure, mai karaya ya yi jinya, ranar da ya ajiye sanda a ce ya warke. Ba mu taɓa jin cewa tafiya abar aunawa ce kamar hatsi ko fili ba. A gabana aka yi, kuma ga yadda al'amarin ya gudana.

Bayan an gama kaka, Fatihu yana kai taki gona da kurar shanu, sai ƙafar kurar ta faɗa rami, kurar ta kife, ta danne masa ƙwaurin hagu. Karayar ta fi ƙarfin ɗori, domin ƙashin ya huda fata. Aka kai shi birni, aka yi masa tiyata, aka sa masa ƙarfe a cikin ƙashin. Ya yi jinya tsawon sanyi, ya tashi da sanda biyu, ya koma ɗaya. Da zafi ya shigo, hoton ƙashi ya nuna wurin ya haɗe.

A nan matsalar ta ɓullo. Likitan da ya yi tiyatar ya sa shi ya yi tafiya a gabansa, ya ga duk takun da zai yi, tafin ƙafar hagu yana juyawa waje, yana zagayowa kafin ya sauka. Ya ce alama ce ta ƙashin ya haɗe a murɗe. Idan haka ne, sai an sake yanke shi an daidaita, a sake jinya daga farko. Ma'anar wannan a wurin manomi ita ce damina ta wuce shi yana kwance. Fatihu shi ke riƙe da garmar shanun gidan, shi ya hore shanun tun suna maruƙa, kuma da huɗarsa gidaje da dama na zuriyar Jaji suke ci. Ya saurari likita har ya gama, ya yi godiya, ya dawo gida, ya ce ba mai sake kai shi wurin wuƙa.

Malam Abdulbasit shi ne yake gasa masa ƙafar a asibitin. Wani abu ya tsaya masa a rai: idan ya kwantar da Fatihu ya auna ƙafar da hannu, murɗewar ba ta taka kara ta karya ba, amma da zarar ya miƙe ya fara tafiya, sai ta bayyana ƙarara. Ya roƙi likitan tiyata ya dakata har ya auna tafiyar da kyau. Tun da mai ƙafa ya ƙi zuwa wurin na'ura, shi ya ɗauko na'urar ya kawo ta garinmu.

Ya iso da hantsi. Aka share filin ƙofar gidan Jaji, aka yayyafa ruwa. Ya kafa kamara biyu a kan ƙafafun ƙarfe, ɗaya a gefe, ɗaya a gaba. Ya shimfiɗa wata doguwar tabarmar roba baƙa, wadda ya ce tana jin nauyin duk wanda ya taka ta, tana kuma sanin inda nauyin ya fi sauka. Ya jona komai da kwamfuta a kan benci a inuwar darbejiya. Mutanen gari suka taru kamar ranar rabon gado.

Fatihu ya fito cikin babbar riga da hula, domin ya ji an ce za a ɗauke shi hoto.

Malam Abdulbasit ya ce, "Malam Fatihu, rigar nan ta yi kyau ƙwarai, amma ƙafa na zo gani. A taimake ni a cire, a naɗe wando zuwa saman gwiwa."

"A gaban jama'a?"

"Haka kake huɗa a gaban jama'ar, ko da babbar riga kake bin shanun?"

Fatihu ya cire. Likitan ya durƙusa yana manna masa waɗansu fararen ɗigogi a ƙugu, da gwiwa, da ƙwauri, da idon sawu, da dunduniya, da babban yatsa. Kamilu, ƙanen Fatihu, magidanci ne mai 'ya'ya amma bakinsa ba ya zama shiru, ya ce, "Yaya, yau kam an mai da kai zabo."

"Bari ƙafar ta warke, za ka ga gudun zabo."

Ya taka tabarmar, ya je ya dawo, ya je ya dawo, har gumi ya keto masa. Aka ba shi kujera. Sannan likitan ya kira mu, mu dattawan da ke kusa, ya juyo mana da allon kwamfutar.

Na yi shekaru masu yawa a duniya, na ga zuwan rediyo garin nan, na ga zuwan injin niƙa da na ban ruwa, amma ban taɓa ganin abin da ya sa na riƙe numfashina kamar wannan ba. A kan allon babu Fatihu. Babu fuska, babu fata, babu tufa. Ɗigogin nan ne kawai, an haɗa su da zare-zaren haske, suna tafiya su kaɗai a cikin duhu. Likitan ya rage musu gudu har taku guda ya zama doguwar tafiya. Muka ga dunduniya ta sauka, nauyi ya gangaro ta tafin ƙafa, gwiwa ta ɗan lanƙwasa ta karɓe shi, yatsu suka tura ƙasa, ƙafa ta tashi. Duk wannan aiki yana faruwa a jikin kowannenmu tun daga ɗaki zuwa masallaci, ba tare da mun taɓa ba da umarninsa ba. Liman da ke gefena ya yi ta tasbihi a hankali.

Amma fuskar likitan ba ta saki ba. Ya nuna mana zaren hagu yana fita waje yana zagayowa, kamar lauje. Ya ce juyawar ta wuce abin da ake bari.

Fatihu ya ce, "Wato wuƙa."

"Ban ce ba tukuna. Abin da na ce shi ne ban gane ba."

A daidai lokacin Kamilu ya fito daga zaure ɗauke da ƙwaryar fura domin baƙo. Bai zagaya ba, ya bi ta kan tabarmar kai tsaye, wandonsa a ɗage kamar yadda ya dawo daga sharar gona. Kamarar ba a kashe take ba. Likitan ya karɓi furar ya ajiye ba tare da ya sha ba, idonsa a kan allo. Ya mayar da hoton baya, ya sake kallo.

Ya ce, "Malam Kamilu, ka taɓa karyewa?"

"Ni? Ko targaɗe ban taɓa yi ba. A gidanmu Yaya ne mai son asibiti."

"Zo in mai da kai zabo kai ma."

Aka manna wa Kamilu ɗigogi, ya taka. Zaren hagu ya fita waje ya zagayo, kamar lauje. Likitan ya tambaya ko akwai sauran maza a gidan. Aka kirawo 'yan'uwansu da 'ya'yan baffanninsu daga gona da bakin kasuwa, kowa ya naɗe wando ya taka. Babu wanda ƙafarsa ta hagu ba ta yi wannan zagaye ba.

Sai a lokacin bakunanmu suka buɗe. Ai wannan takun gidan Jaji ne. Duk garin ya san shi. Tun daga nesa, ko da rana ta kusa faɗuwa, idan ka hango mutum a kan burtali kana iya cewa ɗan gidan Jaji ne. Mun tashi muna jin cewa tafiyar manyan Barno ce, wadda kakansu ya zo da ita, tafiyar mutumin da ba ya gaggawa. Samarin wasu gidaje har kwaikwayonta suke yi ranar salla. Bai taɓa zo wa ɗayanmu a rai ba cewa abin da muke kira ƙasaita, shi ne likitocin birni suka kira murɗewar ƙashi. Fatihu kansa da aka ce ƙafarsa ta juya, ɗauka ya yi sabon abu ne da kura ta jawo masa, domin mutum ba ya ganin tafiyarsa.

Likitan ya ce, "To ko a jini yake? Akwai mace 'yar gidan da za ta yarda ta taka?"

Kaltum, yayar Kamilu kuma ƙanwar Fatihu, tana aure a unguwar gabas. Ta zo da mayafinta, ba a manna mata komai ba, ta dai taka tabarmar. Sawunta biyu suka fito a miƙe suna duban gaba. Sannan wani ya tuna da Muntaka, wanda ba jinin Jaji ba ne, maraya ne daga wajen Tofa da marigayi Alhaji ya riƙa tun yana ƙarami, yanzu har ya yi furfura. Muntaka ya taka. Lauje ya fito.

Likitan ya zauna a bakin benci, ya dube mu. Ya ce, "Ba a jini yake ba. Koyonsa aka yi. Yaya maza suke zuwa gona a gidan nan?"

Wannan kuwa ba ya buƙatar bincike. Gonakinmu a manne suke da juna, hanyar da ke tsakaninsu ba ta ɗaukar mutum biyu a jere. Uba yana gaba, 'ya'ya maza suna biye bisa girma. Ɗa ba ya wuce ubansa, ba ya kuma ɗaga kai ya kalli ƙeyarsa. Idonsa a ƙasa yake tun daga ƙofar gida har gona, kuma abin da ke ƙasa a gabansa shi ne dugadugan ubansa. 'Ya'ya mata kuwa iyayensu mata suke bi.

Wata murya ta fito daga bakin zaure. Inna Amsa ce, mahaifiyar Fatihu, matar marigayi Alhaji ɗan Jaji, wanda Alhaji sunansa ne tun ranar suna, bai kai ga zuwa Makka ba. Ta daɗe a tsaye tana saurare.

Ta ce, "Kurkunu ne."

Liman ya ce, "Me kika ce, Amsa?"

"Baba, kakansu, kurkunu ya yi a hanyar zuwansa daga Barno, yana saurayi. Ta idon sawun hagu ya fito masa, wurin ya sandare. Da ya tsufa ni nake zuba masa ruwan alwala, na ga tabon, shi da bakinsa ya ba ni labari. Ba tafiyar sarauta ba ce, ciwo ne."

Kamilu ya ce, "Inna, duk shekarun nan kina kallonmu muna jan ƙafa, ba ki faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni? Kuma surukar gida ce za ta buɗe baki ta ce mai gidan gurgu ne? Na ga kuna jin daɗin abinku, na ƙyale ku."

Aka yi dariya, amma ba ta daɗe ba, domin likitan ya yi wani abu. Ya ɗauki zare-zaren mazan gidan duka ya ɗora su a kan juna, ya sake su tare. Suka tafi kamar mutum ɗaya, kafaɗa a ɗan karkace, hagu tana zagayowa, babu gaggawa. Inna Amsa ta matso ta duba. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ja bakin mayafinta ta rufe baki.

Ta ce, "Wannan ai mai gidan nan ne. Haka yake shigowa daga gona."

Mu da muka san Alhaji, muka ga Alhaji. Ni da na riski Jaji ina yaro, na ga Jaji. Mutumin da ƙasa ta rufe tun kafin a haifi likitan nan, ga shi yana tafiya a gabanmu a cikin akwati, da ciwon da ya ji a wata hanya da babu wanda ya san sunanta a cikinmu. Muka bi shi da ido har zaren ya kai ƙarshen allo.

Fatihu ne ya fara dawowa hayyacinsa. Ya ce, "Likita, ke nan babu wuƙa."

"Zan kai wa mai tiyata abin da na gani, shi zai yanke hukunci, amma ina kyautata zaton babu. Sai dai akwai magana ta biyu." Ya buɗe hoton da tabarmar ta ɗauka na tafin ƙafar Fatihu. Gefe guda ya yi ja wur, sauran wurin ya yi fari-fari. "Ƙafar da ba ta taɓa karyewa ba tana iya ɗaukar wannan taku har tsufa. Taka ta yi rauni, naman ƙwaurin ya zube, idon sawun ya yi tauri. Duk zagayen da za ka yi, nauyinka a wuri ɗaya yake sauka. A ƙofar gida ba komai. A bayan shanu, cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, daga safe zuwa azahar, ba za ta kai ka ba. Sai ka koyi wata tafiyar."

Fatihu ya ɓata fuska. "In bar takun ubana, in riƙa yawo a garin nan kamar baƙo?"

"Ni dai abin da na'ura ta nuna na faɗa maka."

Saƙo ya zo daga birni cewa an janye maganar tiyata, gidan Jaji suka yi sadaka. Amma maganar sauya tafiya Fatihu ya yi watsi da ita. Motsa ƙafar da aka koya masa yana yi, miƙe tafin ne ya ƙi. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, ya ɗaura wa shanunsa garma ya kai su wata gona mai yashi domin gwaji. Bai yi nisa ba aka dawo da shi a kan kura, idon sawun ya kumbura ya kai girman tulun yara. Kamilu bai yi ba'a ba a ranar, kuma wannan ya fi komai nuna mana girman abin.

Malam Abdulbasit ya dawo a kan wannan. Ya duba kumburin, ya ce ƙashin lafiya yake, gargaɗi ne jiki ya yi. Ya ja layi a ƙasa ya ce Fatihu ya bi. Idan yana kallon layin sai tafin ya miƙe, da ya ɗaga kai sai lauje ya dawo. Aka gwada da madubi, haka. Likitan ya ajiye madubin, sannan ya ce, "Ba da layi ka koyi ta farko ba. Bayan mutum ka bi. Ka samo mai miƙaƙƙen taku, mai tafiya a hankali, ka bi shi kullum, idonka a kan dugadugansa."

Fatihu ya ce, "Ni babban gandu, bayan wa zan bi a garin nan? Ƙannena duk irin tawa ce da su. In bi ɗan wani gida, gobe a ce gidan Jaji sun koma koyon tafiya a maƙwabta?"

Inna Amsa tana tankaɗe a tsakar gida. Ba ta kiran sunansa, kasancewarsa ɗan fari. Ta ce, "Kai wannan, tashi. Ni na koya maka tsayuwa kafin ubanka ya karɓe ka ya karkata ka. Gobe da safe ina zuwa gona, in ka ga dama ka biyo ni."

Aka tambaye ni ko an taɓa yin haka. Na ce ban san magidancin da ya bi bayan mace zuwa gona a garin nan ba, amma ban kuma san wanda aka zarga domin ya bi bayan mahaifiyarsa ba. Liman ya ce maganar ke nan.

Haka aka yi. Kowace safiya, tsohuwa tana gaba da ɗan kwandonta, takunta ƙanana a miƙe, babban mutum mai gemu yana biye, kansa a sunkuye. Da farko masu wucewa sukan kau da kai domin kada su yi dariya. Daga baya suka riƙa tsayawa a gefen burtali suna ba su hanya, kamar yadda ake yi wa manya. Wani lokaci ana jin ta tana cewa, ba tare da ta waiwaya ba, "Ina jin ƙarar jan ƙafa. Ɗaga ta."

Ruwan shuka ya sauka, gero ya tsiro, lokacin huɗa ya yi. Likitan ya zo a karo na ƙarshe da kayansa. Ya auna Fatihu a ƙofar gida, jan nan na tafin ƙafa ya baje ya zama ruwan ɗorawa ko'ina. Sannan ya ɗauki kamara ɗaya ya bi shi gona, ya kafa ta a bakin iyaka. Fatihu ya kama garma, ya kira shanunsa da sunayensu, suka ja. Ƙasa ta tsage gida biyu, shi kuma yana tafe a tsakiya, tafin hagu yana duban inda na dama yake duba. Ya kai ƙarshe ya juyo. Rana ta take, bai tsaya ba. Da ya kwance shanun, likitan ya durƙusa ya latsa idon sawun, bai sami kumburi ba.

Kamilu ya ce, "Yaya, daga nesa na ɗauka wani baƙo ne ya shigo mana gona."

"Baƙon ya gama tasa. Gobe taka zai huɗe, sai ka tanadi fura."

Ga abin da aka samu a wannan al'amari. Fatihu ya tsira daga yanka na biyu, ya huɗe gonakin gandu da na ƙannensa da ta Muntaka a daminar, ba a nemi garmar wani gida ba. Malam Abdulbasit ya koma birni da ƙa'idar da ya ce zai riƙe, cewa kafin a hukunta ƙafar mutum a ga yadda 'yan gidansu suke tafiya. Garinmu ya san gaskiyar abin da ya sami Jaji a hanya, kuma darajarsa ba ta ragu ba a wurin kowa. Abin da aka riƙe kuwa shi ne ƙashin Fatihu yadda ya haɗe, da ƙarfen da ke cikinsa, da shanunsa biyu, da girmansa na babban gandu. Takun gidan yana nan a ƙafafun Kamilu da sauran mazan, waɗanda suka ce su ba su karye ba, ba su ga dalilin sauyawa ba. 'Ya'yan Fatihu ƙanana kuwa, da suke bin bayansa yanzu, a miƙe suke tafiya.